Maƙabartar St. Louis Lamba 1: Wa Ke Riƙe da Mabuɗi, Wa Ke Ba da Labari

Daga ranar 1 ga Maris, 2015, duk wanda ya zo ƙofar maƙabartar St. Louis Lamba 1 a birnin New Orleans na Amurka ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, mai gadi zai juya shi, sai fa in yana da takardar shaidar cewa danginsa na kwance a ciki. Kafin wannan rana kuwa, da an buɗe ƙofa da safe kowa shiga yake yi: mai ziyarar kakansa, mai ɗaukar hoto, mai neman biyan buƙata a kabarin wata mata da ta rasu tun 1881, har da ɓarawo. Hukumar maƙabartun Cocin Katolika ta birnin, wadda filin ke hannunta, ita ta yanke wannan hukunci. Ta ce ɓarna ta yi yawa.

A cikin 'yan jagoran da aka damƙa wa ƙofar akwai waɗanda ake zargi da koya wa baƙi irin ɓarnar da ake kuka da ita. Bayan shekara shida kuma aka karɓe aikin daga hannunsu aka ba kamfani guda, magana ta kai har kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. Matakan nan biyu sau da yawa ana haɗa su a ce abu ɗaya ne. A ganina ba ɗaya ba ne, kuma sai an san yadda wurin yake kafin a gane bambancinsu.

Filin da abin da ke cikinsa

Faransawa ne suka kafa New Orleans a 1718, a wata kwana ta kogin Misisipi, ƙasa mai laka wadda ba a nisa da haƙa ruwa yake tsattsafowa. Tsohuwar maƙabartar gari tana titin St. Peter, kuma a ƙasa ake binnewa a can. Ranar 21 ga Maris, 1788, gobara ta cinye gine-gine 856, kusan garin gaba ɗaya, ga maƙabarta ta cika. A lokacin Sifaniya ke mulkin yankin. A 1789 aka keɓe sabon fili a bayan gari, tsallaken inda titin Rampart yake yanzu, aka sa masa sunan babban cocin birnin. Daga baya aka buɗe Lamba 2 a 1823, sannan Lamba 3 a 1854.

Filin ƙarami ne, tituna huɗu sun kewaye shi, cikin 'yan mintuna za ka zagaye katangarsa. Kaburburan ciki sun haura 600, amma mamatan dubbai ne, domin kabari a nan ɗan ɗaki ne na bulo da aka gina a bisa ƙasa, kuma na dangi ne gaba ɗaya.

Idan an yi rasuwa a gida, ma'aikacin maƙabarta zai zo ya kwance allon marmara da ke fuskar ginin, wanda aka sassaƙa sunayen magabata a kai. Bayan allon akwai siririn bangon bulo, sai ya fasa shi. A ciki akwai kanta ɗaya ko biyu, kowace daidai tsawon akwatin gawa. Ya fitar da ruɓaɓɓen katakon akwatin wanda ya riga, ya tattara ƙasusuwan, ya tura su can ƙurya ko ya saukar da su wani rami da ke ƙarƙashin ginin inda na kakanni suke. A zura sabon akwati, a sake jera bulo, a shafe, a mayar da allo, a ƙara suna ɗaya a ƙasan jerin. Ƙa'idar gari ita ce ba a buɗe kabari sai wanda aka sa na ƙarshe ya cika shekara da kwana ɗaya. Zafin bazara a cikin rufaffen ɗakin bulo ya isa ya gama aikinsa a wannan tsakanin. In wani ya rasu kafin wa'adin, sai a yi hayar ɗaya daga ramukan da aka jera hawa-hawa a jikin katanga, waɗanda 'yan gari ke kira tanderu saboda kamarsu, a ajiye shi kafin wurinsa ya samu. Wanda ba shi da kabarin dangi kuma yakan shiga ƙungiyar taimakon juna ta 'yan ƙasarsu, ya riƙa biyan kuɗin wata, ranar da ta Allah ta kasance a ba shi gurbi a babban ginin ƙungiya. Na Italiyawa, wanda aka yi da marmara a 1857, shi ya fi kowane tsawo a filin.

'Yan jagora na son cewa ruwa ne kaɗai ya sa ake gini a sama, wai akwatuna kan taso in an sha ruwan sama. Da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Irin wannan gini al'ada ce da aka zo da ita daga Faransa da Sifaniya, kuma ta dace da garin da busasshen fili ya yi masa kaɗan, mutuwa ta yi masa yawa. A 1853 kaɗai zazzaɓin shawara ya kashe mutum wajen 8,000 a birnin.

Yadda ginin ya fara zubewa

Bulon da aka yi kaburburan da shi na lakar yankin ne, mai taushi, mai shan ruwa. Abin da ke kare shi yaɓen farar ƙasa ne da shafen da ake sabuntawa duk shekara. Wannan aiki na dangi ne. Gabanin 1 ga Nuwamba, ranar tunawa da waliyyai a kalandar Katolika, iyalai kan zo da bokiti da buroshi su cire ciyawa, su shafe kabari fari fat, su ajiye furanni. Muddin ana yin haka, gini zai tsaya. Da aka daina, ruwa ya shiga tsaga, tsiro ya kafa saiwa a rufi, bulo ya fara marmashewa. Wasu kuma da suka zo gyara da kyakkyawar niyya sai suka shafe da siminti da fentin zamani, waɗanda ke kulle danshi a ciki, bulon ya riƙa ruɓewa ta ƙarƙashi.

A nan gizo ke saƙar. Fili da hanyoyi na coci ne, amma kowane kabari mallakin dangi ne, da takardarsa. Dangin da suka ƙare, ko suka watse zuwa wasu jihohi, ko jikokinsu ba su ma san suna da kabari a nan ba, nasu ya zama maraya: ba mai shafe shi, hukuma kuma ba ta da hurumin yin yadda ta ga dama da kayan wani.

Unguwar ma ta canza. Daga 1897 zuwa 1917 maƙwabciyar maƙabartar ita ce Storyville, unguwar da hukumar birni ta keɓe wa karuwanci. Bayan an rushe ta aka gina rukunin gidajen gwamnati na Iberville a wajajen 1940. Zuwa shekarun 1980 ana gargaɗin baƙi kada su shiga maƙabartar su kaɗai, domin lungunan da ke tsakanin kaburbura sun zama maɓoyar masu ƙwace. Wannan na cikin abin da ya raya sana'ar jagora a wurin tun farko: mutum ya biya kuɗi don ya shiga cikin ayari, labari kuma ƙari ne. A ƙarshen shekarun 1990 'yan sanda suka bankaɗo gungun masu sace gumakan marmara da tukwanen furanni daga maƙabartun birnin suna kai wa dillalan kayan da.

Masu kishin wurin ba su zauna ba. A 1974, da aka yi niyyar rushe ramukan katangar Lamba 2, Mary Louise Christovich da abokan aikinta suka kafa ƙungiyar Save Our Cemeteries. Shekara guda bayan haka aka sa Lamba 1 da Lamba 2 a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Ƙungiyar ta riƙa kai baƙi zagaye da kanta tana zuba kuɗin a gyara. A farkon shekarun 2000 masana daga Jami'ar Pennsylvania suka bi kaburburan Lamba 1 ɗaya bayan ɗaya suka rubuta halin da kowane yake ciki, suka fitar da ƙa'idar gyara, wadda jigonta shi ne a koma ga farar ƙasa a bar siminti.

Kabarin da ya jawo komai

An haifi Marie Laveau a New Orleans a 1801. Ɗiya ce, ba baiwa ba, daga cikin 'yantattun masu jinin Afirka da birnin ke da su da yawa tun zamanin Sifaniya. Ta auri Jacques Paris a 1819, bai daɗe ba ya kau, aka ci gaba da kiranta da sunan matar marigayi Paris. Daga baya ta zauna da Christophe Glapion, kuma a kabarin gidan Glapion aka sa ta da ta rasu a watan Yuni na 1881. 'Yar Katolika ce mai zuwa coci, kuma ita ce sunan da ya fi kowane fice a addinin Vudu na Louisiana, wanda saiwarsa ke komawa gaɓar Afirka ta Yamma da tsibirin Haiti. Jaridun da suka ba da labarin rasuwarta sun yabe ta da jinyar marasa lafiya. Takardun zamanin kuma sun nuna ita da Glapion sun sayi bayi sun sayar. Mutum ce mai fuska da yawa, amma abin da ya iso kunnen yawancin baƙi guda ne: wai tana biyan buƙata daga kabari.

Yadda ake yi kuwa, kowane ɗan jagora da irin tasa. Wani ya ce ka zana X uku a bango, ka ƙwanƙwasa sau uku, ka juya sau uku, ka faɗi buƙatarka. In ta biya ka dawo ka kewaye alamarka da da'ira. A gindin kabarin ana barin kwabbai, sarƙoƙin roba na bikin Mardi Gras, jan-baki, igiyar ɗaure gashi, kyandir, kwalbar giya. Matsalar ita ce abin zanen. Wanda bai zo da alli ko biro ba sai ya waiga, ya ga kabarin maƙwabci da yaɓensa ya zube, ya ɓantari guntun jan bulo ya yi zanensa. Ɓarna biyu ke nan a hannu ɗaya: an kankare fuskar wannan, an rage jikin wancan. Tun da kuma akwai masu cewa ba a nan take ba, a wani kabari take, sai alamun suka bazu kan wasu gine-ginen da ba ruwansu. Masu bin Vudu da dama a birnin sun sha faɗa cewa wannan zane ba ya cikin ibadarsu, kuma masu kula da kaburbura sun ɗora laifin yaɗuwarsa a kan 'yan jagora masu neman baƙo ya ji daɗi ya ƙara musu na goro.

Coci ta riga ta ɗanɗana irin wannan tun da daɗewa. Fim ɗin Easy Rider na 1969 ya ɗauki wani sashe na 'yan maye a kan ginin Italiyawa ba da izini ba, abin da ya sa aka hana ɗaukar finafinan kasuwa a wurin. Amma abin da ya kai tura bango ya faru ne a watan Disamba na 2013, lokacin da aka wayi gari wani ya shafe kabarin Laveau tas da fenti ruwan hoda, irin fentin roba mai hana bango numfashi. Hukumar maƙabartu ta sa aka wanke shi da injin feshin ruwa mai ƙarfi, fenti ya fita, tsohon yaɓe ma ya bi shi, masu gyaran gine-ginen tarihi suka yi ca. A 2014 aka yi watanni ana gyara na gaskiya, coci da Save Our Cemeteries suka haɗa hannu, aka kashe wajen dalar Amurka 10,000 a kan kabari guda. A farkon 2015 aka sanar da rufe ƙofa.

Dokar 2015

Tsarin na wancan lokacin mai sauƙi ne. Kamfanin da ke son shiga da baƙi zai yi rajista da hukumar maƙabartu, ya biya dala 4,500 a shekara, ko ƙasa da haka in na ɗan lokaci ne. Masu kabari a ciki za su nemi takardar shiga kyauta. Kuɗin da aka tara a biya masu gadi da ma'aikatan ƙofa. Kowane ayari yana da mutum guda da aka san sunansa, wanda in baƙonsa ya ɗauki bulo ya nufi bango, shi za a tuhuma, kuma abincinsa ne zai taɓu.

Ɗan jagora a New Orleans dama ba kara zube yake aiki ba. Birnin na buƙatar lasisi ga duk mai karɓar kuɗi don zagayawa da baƙi: jarrabawa kan tarihin gari, binciken ko ya taɓa aikata babban laifi, a wancan lokacin har da gwajin ƙwaya. Wasu 'yan jagora sun kai ƙara suna cewa hukuma ba ta da ikon sa wa mutum jarrabawa kafin ya yi magana a bakin titi. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanki na biyar, wadda ke zama a New Orleans, ta ce dokar birnin ta tsaya. A wannan shekarar wata kotun ta soke irin wannan doka a birnin Washington, amma Kotun Ƙoli ta ƙi shiga tsakani. Saboda haka lokacin da coci ta ce sai da mai lasisi, akwai tsayayyen rukunin mutane da maganar ke nufi.

A wannan mataki ina bayan coci. Ba a iya sa mai gadi a kowane lungu na filin da aka gina shi kamar gidan tururuwa, kuma ginin da ya haura shekara 200 in ya zube ba a mayar da shi. An yi asara, ba shakka: ɗan unguwar Tremé, maƙwabciyar maƙabartar, da ya saba ratsawa, ɗalibi mai zane, talakan baƙo da ba shi da kuɗin tikiti, duk an rufe musu ƙofa saboda laifin wasu. Amma an bar abu guda mai muhimmanci a buɗe. A lokacin kamfanoni da yawa ne ke shiga, manya da ƙanana, da masu zaman kansu, da ƙungiyar da ba ta neman riba. Baƙo na iya zaɓar wanda zai bi, kuma zaɓin nan ba ƙaramin abu ba ne idan aka duba abin da ke kwance a filin.

Me ake faɗa, me ake tsallakewa

Kusan kowane ayari yakan tsaya wuri uku: gaban ramukan katanga don bayanin shekara da kwana ɗaya, gaban Laveau, da gaban wani farin gini mai siffar dalar Masar, tsawonsa ƙafa 9, wanda ɗan wasan fim Nicolas Cage ya gina wa kansa a 2010. Ba kowa a ciki, mai shi na nan da ransa, amma baƙi kan bar shatar jan-baki a jikinsa. Kabarin da babu gawa yana cikin waɗanda aka fi ɗauka hoto a maƙabarta mai dubban mamata.

Ɗan taku kaɗan daga nan Homer Plessy yake. Mai ɗinkin takalma ne. Ranar 7 ga Yuni, 1892, ya shiga taragon Turawa zalla a jirgin ƙasa da gangan, bisa shirin wata ƙungiyar 'yan gari masu jinin Afirka da ke son a gwada dokar wariya a kotu. Aka kama shi. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 7 a kan 1, ta yanke cewa raba fari da baƙi halal ne muddin an ce an yi musu tanadi daidai. A kan wannan hukunci aka gina wariyar launin fata a makarantu da jirage da asibitoci, har sai da aka fara rushe ta a 1954. Plessy ya rasu a 1925. Sai a watan Janairu na 2022 gwamnan Louisiana John Bel Edwards ya yi masa afuwa. Ɗan jagora na iya ba shi minti ɗaya, yana iya ba shi goma.

Haka Étienne de Boré, magajin garin farko, wanda ake yabo da cewa a gonarsa aka fara dafa sukari mai tsaba a Louisiana a 1795. Wani zai tsaya a nan. Wani zai ƙara cewa bayi ne suka noma raken suka dafa, kuma nasarar ta sa aka ƙara kwararo bayi cikin gonakin rake da suka yi ƙaurin suna wajen cin rai. Akwai Paul Morphy, gwanin wasan dara irin ta Turawa da ya gagari duniya a shekarun 1850. Akwai kuma waɗanda ba su da allo. Dokar bayi ta Faransa ta 1724 ta wajabta a yi wa bayi baftisma a binne su a maƙabartar coci, kuma al'adar ta ci gaba bayan Faransa ta tafi. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tattara bayanan bayi sama da 100,000 daga tsoffin takardun Louisiana, kuma cikin ƙabilun da magatakardan zamanin suka rubuta, tare da Bambara da Wolof da Fulani da Yarbawa da Kongo, akwai Hausawa. A 2011 masu haƙa ramin wurin ninƙaya a wani gida suka ci karo da akwatunan gawa 15 daga tsohuwar maƙabartar St. Peter, wadda gari ya bi ta kanta ya yi gini. A 2015, shekarar da aka rufe ƙofa, aka sake binne su a Lamba 1. Duk wannan ba a rubuce yake a bango ba. In ɗan jagora bai faɗa ba, baƙo zai fita bai sani ba.

Shi ya sa a lokacin da suke da izinin shiga, da yawa daga masu zaman kansu ba sa fara zagayensu daga ƙofar maƙabarta. Sukan taso daga tsohuwar unguwar Faransawa, su tsaya a Dandalin Kongo inda bayi ke taruwa ran Lahadi su yi ciniki da kiɗa, su wuce ta cocin da aka gina a shekarun 1820 don jana'izar masu zazzaɓin shawara saboda kada a ratsa gari da gawa, sannan su shiga filin. Kafin a isa gaban kabari, baƙo ya riga ya san garin da mamacin ya rayu a ciki.

Daga 2020 zuwa kotu

Annobar korona ta rufe maƙabartar a 2020. Da aka sake buɗewa a ƙarshen 2021, tsari ya canza. Hukumar maƙabartu ta ba kamfani guda, Cemetery Tours NOLA, kwangilar zagayawa da baƙi. Ana sayen tikiti a ginin Basin St. Station da ke daura da filin, dala 25 ga babba a lokacin, a shiga rukuni-rukuni, a fito bayan kimanin minti 45. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci da wannan ƙofa, bayan sun sha zaman gida na korona, suka tarar ba su da hanyar shiga da baƙinsu.

Ƙungiyar 'yan jagora da kamfanonin ziyarar maƙabartu ta kai ƙara kotun tarayya a ƙarƙashin dokar hana babakere a kasuwa. Cikin abin da suka yi kuka da shi akwai ƙayyade farashi, da cewa hanyar da za a bi da labarin da za a faɗa sun koma sai da amincewar hukumar. Kotun farko ta kori ƙarar. A watan Janairu na 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na biyar, wadda ta tabbatar da dokar lasisi a 2014, ta tabbatar da korar. Ba ta ce tsarin yana da kyau ko ba shi da kyau ba. Abin da ta ce shi ne masu ƙara ba su zana iyakar kasuwar da ake babakere a cikinta yadda doka ke so ba, tun da akwai wasu wuraren da mai son irin wannan zagaye zai iya zuwa a madadin wannan.

A idon dokar kasuwa wannan magana ce mai ma'ana. A idon wanda ya san filin kuwa, ba ta kama ƙasa ba. Birnin na da maƙabartu da dama masu kaburbura a sama, amma Plessy a wuri ɗaya yake. Wanda ya taso daga wata jiha don ya tsaya a gabansa ba za a ce masa ga wani farin gini can ya je ya kalla ba.

Hujjar mai fili ba ta da wuyar ganewa, kuma ba ta banza ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kamfani guda ya fi sauƙin sa ido a kan kamfanoni barkatai. Ana iya ƙayyade yawan mutanen da ke cikin fili a lokaci ɗaya, a hana ayari biyar cunkushewa a lungu guda suna goga kafaɗa da tsohon yaɓe. Ana iya tabbatar da ba wanda zai sake koya wa baƙo zanen X. Wurin kuma har yau maƙabarta ce mai aiki, ana kawo gawa, kuma iyalin da ke tsaye gaban buɗaɗɗen kabari ba sa buƙatar jin wani na ba da tatsuniyar fatalwa a bayansu. Hukumar tana da shirin gyara kaburburan da aka yi watsi da su, aikin da ke cin kuɗi, kuma tikiti ne hanyar samunsa mafi kusa.

Sai dai duk waɗannan ana iya samunsu ba tare da an kori kowa ba: a ƙayyade lokacin shiga, a rage girman ayari, a ƙara kuɗin rajista, a soke izinin duk wanda aka kama da laifi. Dokar 2015 ta tsare bango. Tsarin 2021 ya wuce bango ya kai ga baki. Wanda ke da kabarin mai Vudu, da na mai ƙalubalantar wariya, da na masu bayi, da na bayin kansu a filinsa, in shi ne kuma mai tantance abin da za a faɗa a kansu, ko da niyyarsa fara ce, baƙo ya rasa damar jin wata fuskar daga wani bakin. Minti 45 kuma, da an cire bayanin tanderu da hoton Cage da Laveau, abin da ya rage wa sauran kaɗan ne.

'Yan jagoran da aka bari a waje ba su da wuraren komawa da yawa. Lafayette Lamba 1, wadda ke hannun hukumar birni, an rufe ta don gyara a 2019. St. Louis Lamba 2 ma an rufe ta ga baƙi. Da yawa sun karkata zuwa Lamba 3 a titin Esplanade, mai faffaɗan hanyoyi da ƙofa a buɗe, inda iyalan Ernest Morial, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin New Orleans, suka mayar da gawarsa a 2014 daga kabarinsa na da a gefen Laveau. Motocin baƙi na tsayawa a can kullum, kuma hukumar da ke riƙe da Lamba 1 ita ce ke riƙe da ita.